Kafin Ki Tsefe Dada Ki Koma Siriri, Zauna Mu Yi Lissafi

  

A 'yan makonnin nan tambaya ɗaya ce take ta dawo mini, daga Kumasi, daga Duwala, daga Kwatano. Ta Kumasi ce ta fi warware zance. Ta ce shekara biyar ke nan da ta bar gashinta ya zama dada mai kauri. Yanzu ya yi mata nauyi, in ta wanke da safe har la'asar da sauran lema a cikinsa, in ta sa hijabi kuma sai ya yi tudu a ƙeya. Ta ga irin siririn nan a kan wata abokiyar cinikinta a Kejetia, ya kwanta luf kamar ƙananan kalaba, ranta ya biya. Sai ta ce: "Anti, in tsefe ne ko in aske?"

Zan zo kan tsifa da aski. Amma akwai tambayar da ta riga wannan, kuma ita nake so kowace mai wannan niyya ta fara amsa wa kanta: wa zai riƙa ɗaure miki tushensa duk bayan mako huɗu zuwa shida, a garin da kike zaune ko a garin da sari ya kai ki? In kina da amsa, sauran duk mai sauƙi ne. In ba ki da ita, to ki bar almakashi a inda yake tukuna.

Mu fara da sunan abin

Kalmar dada daga bakin Yarabawa muka same ta. Su suna kiran yaron da gashinsa ke cuɗewa da kansa tun yana jariri da wannan suna. Mutanen Asante suna da tasu kalmar, mpesempese. A Sanagal kuwa, duk wadda ta taɓa zuwa Tuba ta ga 'yan Bay Fal, mabiya Shehu Ibrahima Fal almajirin Shehu Ahmadu Bamba, da dogon dada da riga mai faci-faci. Abin dai tsoho ne a Afirka ta Yamma, ya girmi mawaƙan Jamaika nesa ba kusa ba.

A gida dai mun san yadda ake kallonsa. Da an ce dada, hankalin iyayenmu kan tafi ga mahaukacin bakin kasuwa ko yaron da ya fi ƙarfin gidansu. Sai dai zaman baƙunta yana canja ido. Matanmu da yawa sun ga ma'aikatan banki da malaman asibiti da shi, tsaf-tsaf, sun kuma gaji da abu biyu: zaman kitso duk mako biyu, da ƙunar man miƙar da gashi. Tsoron man nan ya ƙaru tun watan Oktoba na 2022, lokacin da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000. An ga cewa masu shafa shi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa shafawa yawan kamuwa da sankarar mahaifa. Wannan labari ya zaga wayoyinmu sosai, kuma ya tura mata da dama ga barin gashinsu yadda Allah Ya halitta shi.

Ga wani gargaɗi tun da wuri. In kin shiga shagon gyaran gashi a Akra ko Duwala ko Abijan kika ce "rasta" kike so, yawanci kitson ɗaiɗai za a yi miki da gashin doki. Ki nuna hoto, ki kuma faɗa da bakinki cewa da gashinki kaɗai kike so, ba ƙari.

Daga ina siririn ya fito?

Iri biyu ne ake haɗa su a baki. Na farko shi ne Sisterlocks, wanda wata malamar jami'a a San Diyego ta jihar Kalifoniya, Dakta JoAnne Cornwell, ta fito da shi a 1993. Suna ne na kamfani mai rajista, da tsarinsa da horonsa. Ana tsaga kai gida-gida kamar an ja layi a takarda, a saƙa kowace igiya tun daga bakin gashi zuwa tushe, a ƙarasa da wata 'yar ƙugiya. Ba a sa kaki, ba a sa man danƙo. Kai guda yakan ɗauki igiya 400, wani ya fi haka.

Na biyu shi ne wanda masu shago ke ce wa "maikuro". Shi ba na kowane kamfani ba ne. Ana iya fara shi da ƙananan kalaba, ko da murɗa gashi biyu-biyu, ko da saƙar ƙugiya, kuma yakan ɗan fi na farkon kauri. Mafi yawan abin da ake yi a garuruwanmu wannan ne, ko da an rubuta Sisterlocks a allon ƙofa. Ba laifi ba ne a yi maikuro, yana da kyau in hannu ya iya. Laifin shi ne a karɓi kuɗin wancan a yi miki wannan. Mu 'yan kasuwa mun san bambancin atamfa 'yar Holan da mai kama da ita, mun kuma san kowace da kuɗinta.

Abin da ke riƙe da igiya

Ga lissafin da masu shago ba su cika yi wa mutum ba. Kan ɗan'adam yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000. In kina da dada mai kauri guda 60, kowace igiya tana tsaye a kan sili sama da 1,600. In aka raba kan nan gida 400, kowace igiya sili 250 ne kacal ke riƙe da ita. Ki kwatanta igiyar guga da zaren ɗinki.

Gashi kuma yana toho kamar santimita ɗaya a wata. Wannan sabon tohon a sake yake, bai shiga saƙa ba. A dada mai kauri, ko kin yi wata uku ba ki waiwaye shi ba, tushen yana da yawan da zai ɗauki nauyin. A siriri kuwa, in tohon ya yi tsawo ba a ɗaure ba, abu biyu ke faruwa. Maƙwabtan igiyoyi sai su fara auren juna a tushe, ranar da aka zo raba su sai an tsinka gashi. Sannan silin da ya zube ba a mayar da wani cikin saƙar ba, tushen sai ya riƙa sirancewa har wata rana ki cire ɗankwali ki ga igiya a cikinsa.

Shi ya sa nake kiran siririn dada adashi. Ranar farko zubin farko ne kawai. Duk mako huɗu zuwa shida sai kin sake zubi, wato sau 9 zuwa 13 a shekara, kowane zama kuma yakan ci awa uku zuwa biyar. Ki tara da kanki: a shekara guda kin ba shi tsakanin awa 27 da awa 65, ban da zaman farko, wanda kan cinye yini biyu ko uku cur. Ki je shagon ki tambayi kuɗin ɗauri ɗaya, ki ninka sau goma, ki ɗora a kan kuɗin farawa, ki ƙara cinikin da za ki rasa ranakun da kika rufe shago. Wannan jimillar ita ce farashin gaskiya. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Na san rayuwar da yawa daga cikinku. Wata takan bar Kumasi ta je Lome sari, ta wuce Kano ta yi mako uku a Kantin Kwari, ta tsaya biki a Maraɗi, kafin ta koma gida an yi wata biyu. Wata takan tafi gida tun kafin azumi ba ta dawowa sai bayan babbar salla. Mai irin wannan tafiya, dada mai kauri ya fi haƙuri da ita. In kuma ranta ya kafe a kan siriri, to ta sa koyon ɗauri da hannunta cikin lissafi tun ranar farko. Ana koya, ƙugiyar ba ta da tsada, mata da yawa suna yi wa kansu a hankali cikin kwana biyu ko uku, layi-layi bayan sallar isha'i. Amma a watannin farko sai hannun gwana, domin a nan ne tsagar take zaunawa.

Tsifa, aski, ko tsagawa?

Yanzu mu dawo kan tambayar 'yar'uwarmu ta Kumasi. Hanya uku ce.

Ta farko tsifa. E, dada yana tsefuwa, duk da abin da ake faɗa. Ana jiƙa igiya da ruwan ɗumi da man laushi mai santsi, ko ruwan karkashi wanda mu muka fi sani, a fara daga baki da tsinken ƙarfe ko kibiyar tsifa, ana hawa sama kaɗan-kaɗan. In dadan ya tsufa, gara a yanke bakinsa kamar tsawon ɗan yatsa, domin nan ne ya fi cuɗewa. Igiya ɗaya mai tsawo tana iya cin awa guda ko fiye. Mai igiya 60 ta san aikin kwanaki ne, wata har mako biyu. Ki nemi ƙannenki ko 'ya'yanki su taya ki, amma masu haƙuri, ban da mai fizga.

Abin da ke sa mata kuka ranar tsifa shi ne tulin gashin da ke fita. Ki kwantar da hankalinki. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum. Mai taje kai tana ganin nata a mataji ta yar. Ke mai dada, naki bai je ko'ina ba, yana nan maƙale cikin igiya. Ko da 50 muka ɗauka, a shekara ya haura 18,000, a shekara biyar ya haura 90,000. Duk wannan zai fito ranar tsifa, ya cika leda. Gashin da ya daɗe da rabuwa da fatar kai ne. Sai dai ki sani tun yanzu, tsawon da kike gani a dada ba duka ne naki mai rai ba. Wani ɓangare na tsawon nan zubabben gashi ne da ya saƙu da ɗan'uwansa. Dadan da ya kai gadon baya, in an tsefe an datse bakin da ya lalace, yana iya tsayawa a kafaɗa ko ƙasa da haka.

Ta biyu aski. Ki daina ɗaure tushe wata uku ko huɗu, toho ya taru, sannan a yanke dadan daidai inda saƙa ta fara. Santimita huɗu zuwa biyar na sabon gashi sun isa a fara siriri. Wannan hanya ta fi sauri, ta fi arha, gashin da za a fara da shi kuma lafiyayye ne da bai sha fizga ba. Kuɗin farawa ma yakan ragu, tunda da tsawon gashi ake yin farashi. Mu da kanmu yake a rufe in za mu fita, gajeren gashi na 'yan watanni ba abin kunya ba ne. In dadanki ya wuce shekara huɗu, ko an taɓa cika shi da kaki, ni aski nake ba da shawara. Sai dai kafin ki yanke ki yi magana da maigida. Gashin da ya saba gani shekara biyar, kada ya dawo daga kasuwa ya tarar da shi a leda ba tare da an shawarce shi ba.

Ta uku ita ce wadda wasu masu shago ke tallatawa: a tsaga kowace igiya mai kauri biyu ko uku da reza ko almakashi. Wannan kam ina ce miki a'a. Cikin dada gashi ya bi ta ko'ina, hagu da dama, sama da ƙasa. Duk inda reza ta ratsa ta yanke dubban sili a tsakiya. Ranar farko zai yi kyau a madubi. Bayan 'yan watanni sai raunin ya bayyana, igiya ta riƙa tsinkewa a tsakiya. Kuma ko ya tsira, tsagar tushensa ta dada mai kauri ce, ba zai taɓa kwanciya kamar wanda aka fara da ƙananan gidaje ba.

Ko kin tsefe ko kin aske, kada a fara sabo washegari. Ki ba fatar kai hutun mako uku ko huɗu. Ki wanke sosai, in akwai amosani ko makero ki yi maganinsa ya warke sarai. Ki kuma riƙe wannan: daga siriri zuwa kauri hanya a buɗe take, ana haɗa igiya biyu ko uku su zama ɗaya. Daga kauri zuwa siriri ne ake shan wuya, kamar yadda kike gani yanzu. Tsefe siririn da ya nuna kuwa, igiya 400, aiki ne da ba na yi wa kowa fatansa.

Gaban goshi ba ya da madadi

Mu matan Hausawa mun san cinyewar gaban goshi tun kafin dada. Mun ga abin da shuku mai tsauri da kitson zare suka yi wa goshin iyayenmu. Likitocin fata sun tabbatar da abin da idonmu ya gani: ja na kullum yana kashe saiwar gashi. Wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta duba manya a wata unguwa ta birnin Kef a binciken da ta wallafa a 2007, ta samu kusan mace ɗaya cikin uku da irin wannan sanƙon na ja. Da farko yana warkewa in an saki gashin. In an daɗe ana ja, wurin sai ya yi sulɓi, ba man da zai dawo da shi.

Siriri yana da sauƙin nauyi a kan kauri, wannan alheri ne ga goshi. Haɗarinsa a wurin ɗauri yake. Kowane zagayen ƙugiya yana matso da saƙa kusa da fata, kuma akwai masu gyaran da ke ganin in bai yi tsauri ba, ba su ci kuɗinsu ba. Mu ma muna da laifin cewa "matse shi sosai ya daɗe". Ki bar wannan maganar. In an gama ɗauri kika kasa yin sujada sai da cije baki, ko kika ga ƙananan ƙuraje a layin goshi, ko sai kin sha maganin ciwon kai kafin ki yi barci, an wuce gona da iri. Ki ce a rage zagaye ɗaya a goshi da gefen kunne, a kuma yi gidajen wurin su ɗan fi na tsakiya faɗi. Sannan ki lura da ɗaurin ɗankwali da hular cikin hijabi, kada robarta ta riƙa zama a wuri ɗaya kullum.

Ruwa, tsarki da rufe kai

Wannan ce tambayar da ake yi mini a ɓoye. Asalin hukuncin sananne ne. Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sai ta warware kitsonta in za ta yi wankan janaba, ya ce mata ba sai ta warware ba, ta kwarara ruwa sau uku a kanta. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. A Risala da muka karanta a Islamiyya ma haka yake, mace ba ta kwance kitso, amma tana matsa shi da hannu don ruwa ya ratsa. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa in ɗaurin ya yi tsananin da ruwa ba ya shiga, to sai an kwance. Ke nan abin dubawa shi ne shigar ruwa. A nan siriri ya fi kauri sauƙi, musamman kaurin da aka yi shekaru ana cusa masa kakin zuma har cikinsa ya toshe. Abin da na ce ki guje masa shi ne ƙarin gashi, domin hanin da ya zo a kan haɗa gashi da wani gashi sananne ne. Wasu masu shago sukan ƙara a baki don ya yi tsawo tun ranar farko, ki ce ba kya so. Sauran bayani ki kai wa malamin da kika amince da shi, ki kwatanta masa yadda abin yake da kyau, domin da yawa jin sunan kawai suke yi.

Sai maganar bushewa. Mai zama a Duwala ko Abijan ko Kumasi ta san damina can, iska kanta a jiƙe take. In kika rufe jiƙaƙƙen dada da hijabi kika fita kasuwa, cikinsa yana yin fumfuna, ya riƙa warin tsumman da aka manta a bokiti. Siriri yana bushewa da wuri ƙwarai, wannan ita ce babbar ribarsa ga mace mai rufe kai. Duk da haka ki matse shi da tawul mara gashi ko tsohon zanen atamfa, ki bi da na'urar busar da gashi ko ki zauna a tsakar gida, kada ki kwanta da lema.

A watannin farko, kafin ki wanke ki kama shi kalaba manya-manya ki ɗaure bakinsu da roba, in ba haka ba saƙar takan zame. Ki yi amfani da sabulu mai fita tas. Man laushi da kika yi tsifa da shi, yanzu ki ajiye shi, santsinsa yana warware sabon dada. Man kaɗanya da man shanu da muke ji da su a kitso, a nan sai su daskare cikin igiya su riƙa kama ƙura. 'Yan'uwanmu na Njamena da Marwa, garin shebe ma haka, in ya shiga cikin saƙa ba ya fita. Ɗan man kwakwa ko na zaitun a fatar kai ya wadatar. Lokacin hunturu kuma, ko in kina harkar buhuna da barguna da auduga, ki rufe shi da ƙyalle mai santsi, domin zaren da ya shige ciki yakan zauna ya yi fari kamar furfura. Ki kuma shirya wa watannin da zai kumbura ya yi buzu-buzu kafin ya nuna. Yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, mai laushin gashi irin na Fulani ya fi haka.

Yadda za ki gane hannu

Kada hoton Facebook ko TikTok ya ruɗe ki, sabon aiki kowa nasa yana kyau. Ki ce a haɗa ki da macen da mai shagon ta yi wa shekara biyu da suka wuce, ki dubi goshinta da tsakiyar kanta da idonki. Gwanar gaske takan fara duba fatar kanki, ta tambaye ki tarihin gashin, ta yi miki igiya kaɗan na gwaji a ƙeya, ki je ki wanke ki dawo bayan mako ɗaya ko biyu a ga wace saƙa ta zauna. Wadda ta ce zauna a fara yau-yau, kuɗinki take kallo.

Ki tambaye ta irin saƙar da ta yi da yawan zagayen da take yi, ki rubuta a wayarki. Ranar da tafiya ta kai ki wani gari, wannan bayanin za ki ba wadda za ta taɓa kan, domin in hannu biyu suka yi saƙa iri biyu a igiya ɗaya sai ta yi rami ko ƙulli. Ki tambaye ta ko tana koyarwa. Ki kuma tambaya wa take miƙa wa mutanenta in ta yi tafiya ko ta haihu. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Waɗanda nake ce wa su dakata

Mai jego ta dakata. Wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa gashi yakan zube da yawa, musamman a goshi, kuma yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. In aka rataya wa tushen nan igiya a wannan lokaci, an haɗa masa zafi biyu. Wadda goshinta ya riga ya fara ja da baya, ta fara ganin likitan fata. Wadda jarinta bai gama tsayawa ba, kada ta ɗora wa kanta adashin da ba kwasa.

Sai 'yan mata 'yan makaranta. A Gana makarantun sakandare na gwamnati aski suke sa 'yan mata. Na ji wata tana cewa ai kotu ta halatta dada. Abin da ya faru shi ne, ranar 31 ga Mayu 2021 babbar kotu a Akra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai biyu mabiya addinin Rasta da aka hana shiga saboda gashinsu. Hujjar addininsu aka duba. Wannan ba zai tsaya wa 'yarki da aka yi wa don ado ba. Kada ki kashe kuɗi da yini uku a kan abin da za a aske ranar shiga makaranta. Ƙananan yara kuwa, fatar kansu ba ta kai ɗaukar wannan zama da wannan ja ba, a bar su da kitsonsu sassauƙa.

Ga 'yar'uwarmu ta Kumasi, ga amsata a dunƙule. Kina zaune a babban gari inda masu wannan aiki suke, matsalarki kuma nauyi ce da rashin bushewa, abu biyun da siriri yake magancewa. In tafiyarki ba ta wuce mako shida, ko kin yarda za ki koyi ɗauri, ki tara toho, ki sanar da maigida, ki aske, ki huta wata guda, sannan ki fara. In kuwa rabin shekararki a hanya take, ki rage tsawon dadan da kike da shi zuwa kafaɗa, a wanke masa kakin da ya taru. Za ki ji kan ya yi sakayau, zai kuma riƙa bushewa da wuri, ba tare da kin ɗauki sabon nauyi ba.

Waɗanda suka riga suka yi wannan canji, ku rubuto mana yadda kuka ƙare da ɗauri a lokacin tafiya, sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.